Darasin Lafiya: Kada Ki Zubar Da Dakashi

Darasinmu na yau a kan wata hikima ce da Allah Ya ajiye a jikinmu.

Ƙwayar cuta tana da riga, a jikin rigar kuwa akwai sukari iri-iri. Hantarmu tana ƙera wani furotin, dangin waɗanda ake kira lektin, tana zuba shi cikin jini. Da ya ci karo da sukarin ƙwayar sai ya manne mata, ya yi mata shaida, sojojin jiki su zo su cinye ta.

To, su ma ƙwayoyin suna da nasu lektin ɗin. Da shi masu kawo gudawa suke kama sukarin da ke bangon hanjin jariri, su zauna su hayayyafa. Nan ne amfanin nononki. A cikinsa akwai sukari sama da iri 100 masu kama da na hanjin yaro. Sai ƙwayar ta ruɗe ta kama su, ta fita cikin kashi.

Dakashi, wato nonon farko mai ruwan ɗorawa, ya fi yawan wannan sukari. Shi ne fa wasunmu ke tatsewa su zubar, wai datti ne! In an matsa miki, ki fahimtar da manya cikin ladabi. Ki sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, ki ba shi nono zalla wata 6, ko ruwa ban da shi. Daga nan ki haɗa da abinci har shekara 2, wa'adin shayarwar da aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambata.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.