Wa Zai Ba da Lissafin Makaranta?

Ya ku 'yan'uwa, manomin da ya ba 'yan ƙodago gonarsa ya kan zo ya bi kunya kunya ya duba kafin ya biya. Amma mu kan miƙa 'ya'yanmu ga makaranta shekara shida, ba mu taɓa buɗe littafin rubutunsu ba. Bari mu duba abin da ya faru a Jihar Kaduna, gama akwai koyarwa a ciki.

Cikin shekara ta 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa. Tambayoyin kuwa irin na 'yan aji huɗu ne, aka ce sai wanda ya sami maki 75 cikin 100 ya ci. Malamai 21,780 ba su kai ba. Aka sallame su, gwamnati ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta ƙi, har ta shiga yajin aiki cikin Janairu 2018, tana cewa jarraba malami aikin hukumar rajistar malamai ta ƙasa ne.

Lalle malamin da ya kasa aikin ɗan aji huɗu ba shi iya koyar da shi. Duk da haka kada mu jibga wa malamai kaya duka. Wani ne ya ɗauke su aiki, wani ya yi ta sa hannu a kan albashinsu, masu duba makarantu kuma suna zuwa suna komawa. Waɗannan ma suna da lissafin da za su bayar. Mu iyaye fa? Yaro ya yi shekara huɗu ba ya iya karanta sunan garinsu, a ɗakinmu ya ke kwana, ba mu lura ba.

Sa'an nan canja malami ba shi ne ƙarshen magana ba. Makaranta da abu biyu a ke auna ta: ko yaro ya iya, ko kuma ya gama. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya yi shekara 9 kyauta, kuma tilas, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta ɗora nauyin a wuyan iyaye kuma. Yaran da su ke ɓacewa ba su kan fita rana ɗaya ba. Wannan ya yi fashi lokacin shuka, waccan ranar kasuwa tana talla, in an jima karatu ya wuce su, kunya ta hana su komawa.

Domin wannan, a taron iyaye da malamai mai zuwa, mu roƙi hedimasta da ladabi ya kawo rajista. A ƙirga yaran da suka shiga aji ɗaya shekara biyar da suka wuce, a ƙirga nawa cikinsu su ke aji shida yau, maza dabam, mata dabam. Waɗanda ba su nan a kira sunayensu, a raba gidajensu tsakaninmu, mu je mu tambaya. A gida kuwa, ka ba ɗanka shafin da bai taɓa gani ba ya karanta maka da ƙarfi, gama wanda aka biya a aji ya rigaya ya haddace shi.