Hannun Babanku Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

'Yata, na san abin da ke cin ranki: hannun nan na babanku zai dawo kuwa? Gaibu na Allah ne, amma jiki yana nuna alamu tun kwanakin farko, kuma likitoci sun koyi karanta su.

Abu biyu suke dubawa: ko zai iya ɗaga hannun zuwa gefe tun daga kafaɗa, da ko zai iya miƙe yatsunsa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2010, ya nuna cewa wanda ya iya yin biyun nan ko da kaɗan ne a rana ta biyu, damarsa ta sake yin wani aiki da hannun cikin wata shida ta kai kashi 98 cikin ɗari. Wanda bai iya ba, tasa kashi 25 ce. A Auckland ta New Zealand, Farfesa Cathy Stinear da abokan aikinta sun ƙara da shekarun majiyyaci, da wata na'urar maganaɗisu mai gwada ko saƙon ƙwaƙwalwa yana isa hannu. Hasashensu yakan yi daidai a mutum uku cikin huɗu. Kin ga ke nan akwai na huɗun da ke ba su mamaki, wani da samun sauƙin da ya wuce zato, wani akasin haka.

Ki kula da batun yatsun nan, domin a nan 'yan dubiya ke ruɗuwa. Idan ya damƙe hannunki gam sai a hau murna, alhali sau da yawa sanƙarewar tsoka ce kawai. Buɗe tafin da kansa shi ne abin yi wa barka. Duk safiya ki ce, "Baba, buɗe mini hannunka," ki kai wa likitan fisiyo labarin abin da kika gani.

Mafi yawan sauƙin yakan zo ne cikin wata ukun farko, don haka kada a ɓatar da su ana gardamar iska ce ko sammu. A yi addu'a, a kuma kai shi motsa jiki, a riƙe maganin hawan jini. Idan alamun sun yi kyau, ku rage yi masa komai. Tausayin da ya yi yawa yana koya wa hannu zaman banza. Ya ɗauki kofi, ya ja carbi, ko da yana zubarwa yana faɗa.

Idan kuwa likita ya ce da wuya, ba a gama da shi ba. Sai a koya wa ɗaya hannun cin abinci da sa riga, a riƙa tallafe marar lafiyan da matashi, ana motsa gaɓoɓinsa a hankali. Ki kuma gargaɗi ƙannenki: kada wanda ya ja shi ta wannan hannun wajen tayar da shi, domin kafaɗar ta saki, tana iya gocewa ta bar shi da ciwo mai daɗewa.