DILLALIN INSHORA: Yadda Za A Neme Shi Da Yadda Za A Yi Ma'amala Da Shi

A cikin shekarar 2016 gobara ta cinye rumfuna masu yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Irin wannan masifa, Allah ya kiyaye, ita ke tuna wa mutane da inshora, watau yarjejeniyar da mutum zai riƙa biyan kamfani kuɗi kaɗan kowace shekara, kamfanin kuwa ya biya shi diyya in hasara ta auku. Tun da yake talakawa sukan kawo wa Hakimi irin wannan magana, wajibi ne shi da malamansa su san wurin wanda za su tura su.

Wane Ne Dillali?

Wakilin kamfani daban, dillali daban. Wakili hajar ubangidansa kaɗai yake talla. Dillali kuwa na mai saye ne: shi zai zaga kamfanoni, ya gwada farashinsu da sharuɗɗansu, ya zaɓo wanda ya dace. La'adarsa kamfani ke biya daga cikin kuɗin inshorar.

Yadda Za A Gane Na Gaskiya

Lalle ne dillali ya nuna lasisinsa na Hukumar Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, wadda aka kafa a 1997, da kuma shaidar rajistarsa da majalisar dillalan inshora, NCRIB. Malamin Hakimi ya duba ko wa'adin lasisin bai ƙare ba. Farashi ma yakan tona asirin maƙaryaci. A Janairun 2023 aka mai da kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida N15,000 a shekara. Wanda ya tare mutum a tasha da takarda mai arahar banza, a guje shi.

Sharuɗɗa Huɗu

1. A gaya wa dillali gaskiya duka. Wanda ya ɓoye cewa yana ajiye man fetur a rumfarsa, kamfani na iya hana shi diyya.

2. A faɗi ainihin darajar kaya. Misali, mai kayan Naira miliyan 10 ya ce na miliyan 5 ne don ya rage biya. To, in wuta ta ci na miliyan 4, miliyan 2 kaɗai zai samu, domin rabin dukiyarsa ya yi wa inshora.

3. A biya kuɗi tukuna, a karɓi rasit da takardar yarjejeniya mai sunan kamfani. Ƙa'ida ita ce, in ba biya, ba inshora.

4. In hasara ta auku, a sanar da dillali nan da nan, a adana rasitan kaya. Aikinsa ne ya bi kamfani har diyya ta fito. In an ƙi biya ba bisa hakki ba, a kai ƙara ga NAICOM.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, sai ya tambayi dillali tsarin Takaful, wanda aka gina bisa taimakon juna, Hukumar kuma ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013.

Ana roƙon Hakimai su tara Dagatai da Sarakunan Kasuwa a karanta musu wannan takarda, su kuma su isar wa jama'a tun wuta ba ta tashi ba.