Darasin Lafiya: Ba Kowane Ciwon Gaɓoɓi Ne Sanyi Ba

 

Mu a nan Legas, da zarar gwiwa ko yatsu sun fara ciwo sai mu ce sanyi ne, ko laimar kudu, ko wahalar kasuwa. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai wani nau'in ciwon gaɓoɓi da ba ruwansa da sanyi ko tsufa, kuma shi ne darasinmu na wannan Juma'a.

Allah ya sanya mana garkuwar jiki don ta yaƙi ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane sai garkuwar ta rikice, ta koma tana yaƙar jikin mai ita. Idan ta faɗa wa gaɓoɓi, likitoci na kiransa amosanin gaɓoɓi na rumatoyid. Idan ta haɗa da fata da jini da ƙoda, sau da yawa lufus ne. Ba a ɗaukar su daga wani, ba sammu ba ne, kuma sun fi kama mata. A cikin masu lufus 10, kusan 9 mata ne, galibi a shekarun haihuwa.

Yaya za mu gane?

Ciwon gajiya yana sauƙi idan an huta. Shi wannan, bayan hutun ne ma yake tsananta. Mutum ya tashi da asuba yatsunsa sun sandare, ya kasa riƙe buta, kuma sai ya fi rabin awa kafin su saki. Yakan kama hannun dama da na hagu tare, da kumburi da ɗumi a yatsu da wuyan hannu. Lufus kuwa yakan zo da zazzaɓi mai kai-komo, da zubewar gashi, da ƙuraje a kumatu, da gyambon baki. Idan ƙafa ta kumbura ko fitsari yana kumfa, to a gaggauta, ƙoda ce take kuka.

Inda muke cutar kanmu

Mun saba zuwa kemis a haɗa mana ƙwayoyi a leda. A cikin haɗin nan akan sami diclofenac da prednisolone ko dexamethasone, wadda wasu ke kira sha-ka-fashe. Ciwo zai lafa kam, har mutum ya ce ya warke. Amma a hankali fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni, miki ya fito a ciki, ƙoda ta gaji. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone kuma kada ya yanke ta lokaci guda, hakan na iya kayar da shi. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Maganin gaskiya

A je asibiti a nemi sashen rumatoloji. Akwai shi a LUTH da ke Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: wanda ya fara magani a watannin farko shi ya fi tsira da gaɓoɓinsa, domin yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa da ƙwaya. Abin da ya kamata mu riƙe:

1. Methotrexate sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. Shan sa kullum yana iya kisa. A zaɓi rana guda, a rubuta a jikin kwalin. Ana haɗa shi da folic acid, ana kuma gwajin jini da hanta lokaci-lokaci.

2. Mai juna biyu, da mai neman haihuwa, da mai shayarwa, ba sa shan methotrexate. A gaya wa likita tun kafin a sami cikin, akwai magungunan da za a canza mata.

3. Mai shan hydroxychloroquine ya riƙa zuwa ana duba masa ido.

4. Waɗannan magunguna sukan ɗauki makonni ko watanni kafin a ga aikinsu. Kada a ce ba sa yi, kada kuma a daina don an ji sauƙi.

5. Mai tafiya gida Sallah ya tafi da magani isasshe da katin asibiti. Mai shan taba ya bari, tana ƙara wa rumatoyid ƙarfi.

Ibada fa?

Addini bai tsananta ba. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi sallah a zaune, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini. Alwala da ruwan ɗumi ta halatta. Batun azumi, a tambayi likita kafin watan ya kama, sannan a zo wajen malamai da abin da ya faɗa.

Mu kuma magidanta, idan uwargida ta kasa tuƙa tuwo ko matse wanki da safe, kada mu ce son jiki ne. Mu kai ta asibiti, mu ware kuɗin maganin wata kamar yadda muke ware na haya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa ya zama kaffara. Amin.