Darasi: Baƙin Gajimaren da Ke Haifar Taurari

Duk wanda ya ɗaga kai a daren da babu farin wata, ya dubi farin zirin taurarin nan da ya ratsa sama, zai ga wasu wurare baƙi ƙirin a cikinsa. A ƙarni na 18, William Herschel ya ɗauka ramuka ne a sararin samaniya. Sai a shekarar 1919 Edward Barnard, wani masanin taurari ɗan Amurka, ya wallafa jerin irin waɗannan wurare, kuma hotunansa suka taimaka aka gane cewa gajimare ne na iskar gas da ƙura. Su ne suke tare hasken taurarin da ke bayansu, kamar yadda ƙurar hunturu take dusashe rana.

Mu ɗauki guda ɗaya, mai suna Barnard 68. Haske yakan yi shekara 400 zuwa 500 kafin ya iso mu daga wajensa. Nauyinsa ya kai kimanin ninki 2 na rana, sanyinsa kuwa ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifiri. Mafi yawansa iskar haidirojin ce. Ƙurar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Ƙarfi biyu ne suke kokawa a cikin irin wannan gajimare. Nauyinsa yana janyo kome zuwa tsakiya, motsin ƙwayoyin iskar kuma yana turawa waje. Ƙarfin maganaɗisu da hargitsin iskar su ma suna taimakon mai turawa. Muddin an yi kunnen doki, gajimaren zai tsaya yadda yake. A shekarar 1902 James Jeans na Ingila ya lissafa iyakar wannan daidaito: idan gajimare ya yi nauyi da kauri, ya kuma yi sanyi ƙwarai, janyowa za ta rinjaya.

A nan ne amfanin duhun yake. Ƙurar tana kare cikin gajimaren daga zafin hasken taurari, sai ya ƙara sanyi, turawar ta raunana. Daga nan ya fara rushewa cikin kansa. Cikin shekaru dubban ɗaruruwa tsakiyarsa takan dunƙule ta yi zafi, kuma bayan miliyoyin shekaru, idan zafin ya kai kimanin digiri miliyan 10, haidirojin ya fara haɗewa yana ba da haske. An haifi tauraro ke nan.

A shekarar 1947 Bart Bok da Edith Reilly suka kawo ra'ayin cewa ƙananan gajimaren nan su ne mahaifar taurari. A 2001 kuma João Alves da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa Barnard 68 da madubin hangen nesa a ƙasar Chile, ta hanyar hasken da ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura. Suka tarar yana daf da iyakar rushewa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin rana da duniyar da muke takawa sun fito ne daga rushewar irin wannan gajimare, kimanin shekara biliyan 4.6 da suka shige.

Tambaya domin nazari: me ya sa sanyi, ba zafi ba, shi ne yake buɗe hanyar haihuwar tauraro?