Yadda Ake Ajiye Shaidar Inshorar Mota a Takarda da a Waya

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, da rundunar 'yan sandan Najeriya ta tsaurara binciken inshorar ababen hawa, miƙa takarda mai tambari a shinge bai isa ya fitar da direba ba. Jami'i na iya danna lambar motar a wayarsa, ya duba ko tana cikin rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, NIA, ke kula da shi. Idan ba ta ciki, komai kyan takardar, za a ɗauke ta a matsayin ta bogi. Don haka aikin yana farawa ne tun daga wurin saye.

Mataki na farko: sayi ta gaske. Je wurin kamfanin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi, ko wakilinsa, ko shafinsa na intanet. Wanda ya fi natsuwa da tsarin Musulunci yana iya zuwa kamfanonin takaful irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Farashi ma yana tona asiri. Daga Janairun 2023, inshorar biyan ɓarnar da ka yi wa wani ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar dukiya kuma ta kai har naira miliyan 3. Keke Napep 5,000 ne, babur 3,000. Dillalin da ya tare ka a bakin ofishin lasisi ya ce zai haɗa maka ta mota a kan dubu uku, takarda kawai zai sayar maka.

Mataki na biyu: tabbatar an shigar da ita. Danna *565*11# a kowace irin waya, ko ka shiga shafin askniid.org, ka sa lambar motarka. Ka lura da sunan kamfani, irin motar da ranar ƙarewa. Sannan ka gwada lambar mota da ta shasi da ke jikin takardar da waɗanda ke jikin motar. Harafi ɗaya da magatakarda ya juya ya isa ya sa a neme ka a rasa. In ka ga kuskure, koma kamfani a gyara tun kafin ka hau hanya.

Mataki na uku: tanadi ta takarda. Yawancin kamfanoni yanzu ta imel ko WhatsApp suke turo shaidar. Buga kwafi biyu. Ɗaya ka sa a leda tare da sauran takardun mota, ka ajiye a akwatin gaba, ba a saman dashbod ba inda rana za ta cinye rubutun. Ɗayan ya zauna a gida. Amfanin takarda yana fitowa ne a doguwar hanya, inda sabis ke ɗaukewa ko caji ya ƙare. Haka kuma idan direba ko ƙaninka ne ya fita da motar, wayarka tana aljihunka, takardar ce ke tare da shi.

Mataki na huɗu: tanadi ta waya. Kada ka bar ta a cikin imel, domin buɗe shi sai da data. Sauke ta a kan wayar, ka ɗauki hotonta yadda kowace lamba za ta fito sarai, ka ware mata wuri na musamman don kada ta ɓace cikin hotunan biki. Ƙara da hoton sakamakon binciken NIID. Tura kwafi ga duk mai tuƙa motar. Ta wayar ce ke cetonka ranar da ruwa ya jiƙa takardar, ko aka manta da ita a wurin bakanike.

Mataki na biyar: a shinge. Tsaya tukuna kafin ka taɓa waya, domin amfani da ita ana tuƙi laifi ne a wurin hukumar kiyaye haɗurra. Fara miƙa takarda, ita ce aka fi sabawa da ita. Idan jami'i ya yi tantama, ka ce masa cikin ladabi, "Yallaɓai, a duba lambar a NIID." In za ka nuna ta waya, buɗe hoton da kanka ka riƙe.

Mataki na shida: sabunta kafin wa'adi. Shekara ɗaya take yi. Sa wayarka ta tuna maka tun saura mako biyu. Da ka karɓi sabuwa, sake bincikawa, ka cire tsohuwar daga mota, ka goge tsohon hoton don kada ka nuna shi cikin gaggawa.

Duk wannan tanadi ba don shinge kaɗai ba ne. Ranar da tsautsayi ya sa ka bugi motar wani, lambar da ke jikin shaidar ce za ka kira kamfani da ita, su ɗauki nauyin gyara. Mai ta bogi kuwa, daga aljihunsa zai biya, ga kuma hukuncin tuƙi ba inshora.