Tsallaka Titi: Matashi Da Wayarsa, Dattijo Da Sandarsa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, na daɗe ina aiki a sashen da ake kwantar da masu karaya. Idan aka kawo wanda mota ta buge yana tafiya a ƙasa, kafin in buɗe katinsa nakan iya cankar ko wane ne. Ko dai matashi ne da gashin kai baƙi wuluk, an tsinto wayarsa a fashe an miƙa wa 'yan uwa, ko kuma dattijo ne da aka kwaso da carbinsa a hannu yana hanyar masallaci. Akwai yara ma, kuma nasu labarin daban ne. Yau kan waɗannan biyun nake son mu yi magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗuran hanya, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. Nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a, alhali mu muka fi kowa ƙarancin motoci. Wannan lissafin waɗanda suka rasu ne kawai. Waɗanda nake jinya ba sa ciki: masu ƙarfe a cinya, waɗanda aka yanke wa ƙafa, da magidantan da suka sayar da fili don biyan kuɗin aiki.

Abin da nake son kowa ya riƙe shi ne, tsallaka titi lissafin daƙiƙu ne. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuya ka karanta saƙon WhatsApp na daƙiƙa uku, motar da ka hango can nesa ta riga ta shafe mita 40. Direban ma, ko da ya gan ka, sai ya ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ƙafarsa ta kai ga birki, sannan motar ta ja ƙasa kafin ta tsaya. Idan tirela ce ko tifa mai yashi, kada ma ka sa rai.

Matasan da nake yi wa wankin ciwo kusan duk bakinsu ɗaya: "Wallahi Sista, na duba." Kuma na yarda sun duba. Matsalar ita ce sun duba sau ɗaya a bakin titi, suka mayar da ido kan waya, suka ci gaba da tafiya da wancan tsohon kallon. Mai latsa waya tafiyarsa kan yi sanyi, yakan karkace bai sani ba, kuma ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefe. Wanda ya toshe kunnuwa biyu da iyafis ya fi shiga haɗari, domin a titunanmu kunne rabin gani ne, hon da ƙarar inji da ihun "kai, kai!" na mutanen gefe sun ceci rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu. Ko kira kawai kake amsawa, idonka na kan titi, hankalinka yana wurin wanda kake magana da shi. Na ga wadda aka buge tana tsakiyar ciniki da mai sayen atamfa a waya, idonta biyu, tana kallon adaidaita sahun da ya kwashe ta.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Kafin ƙafarka ta sauka kan kwalta, sa wayar a aljihu, zare iyafis, ka ce wa mai kira "bari in tsallaka." Idan saƙon na gaggawa ne, ja gefe ka tsaya cak, nesa da bakin titi, ka gama. Sannan ka duba hagu, ka duba dama, ka sake duba hagu, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da za ta fara iso ka daga hagu take zuwa. Kada ka yarda da cewa titin hannu ɗaya ne. Masu babur da adaidaita sahu da ke bin hannun da ba nasu ba sun cika mana gadaje. Inda babu wurin tafiyar ƙasa, bi gefen da za ka fuskanci motoci, kada ka ba su baya.

Wasu biranen sun gwada doka. A Honolulu ta Amurka, tun 2017 ana cin tarar wanda aka kama yana kallon waya yana tsallaka titi. A Koriya ta Kudu da wasu garuruwan Jamus an shimfiɗa fitilun ba da hannu a ƙasa, daidai inda idon mai sunkuye da waya yake sauka. Ban ƙi a koyi wani abu daga nan ba, amma mu da fitilun sama ma ba ko'ina suke aiki ba, hannunka da aljihunka sun fi kusa.

Batun dattawa shi ya fi ci mini rai, domin matashi shi ya zubar da daƙiƙunsa, shi kuwa dattijo shekaru ne suka ƙwace masa su. Masu tsara tituna sukan ɗauka mutum yana tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa. Tsofaffi da yawa ba sa kai mita ɗaya, musamman masu ciwon gwiwa ko waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Titi mai faɗin mita 14, matashi zai tsallake shi a daƙiƙa 12, Baba mai tafiyar mita 0.8 sai ya kusa cin 18. A cikin wannan bambancin na daƙiƙa shida, motar da ke gudun kilomita 60 ta ci mita 100. Baba bai yi ganganci ba. Ya auna nisan motar da ƙafar da yake da ita shekara ashirin da suka wuce.

Ga kuma ido. Yanar ido tana sa hasken fitilar mota ya watsu ya kashe gani gaba ɗaya, hawan jinin ido yana cinye ganin gefe a hankali ba tare da ciwo ba, ciwon suga yana lalata jijiyoyin ido da na tafin ƙafa. Ji yana raguwa. Wuya yana ƙagewa, juyawa a duba baya ta zama aiki. Wasu magungunan hawan jini da na barci suna kawo jiri idan mutum ya miƙe. Ka haɗa duk wannan da lokutan da dattawanmu suka fi fita, asuba da magariba da isha'i, ka ƙara hazon hunturu, ka ƙara gudun da direbobi ke yi gab da shan ruwa a watan azumi.

Kuma bugu ɗaya ba sakamako ɗaya yake bayarwa ba. Abin da zai bar ɗan shekara 20 da ƙujewa, shi zai karya ƙugun 'yar shekara 70, domin ƙashi yana yin sakayau da tsufa, musamman ga mata. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Doguwar kwanciya tana jawo ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa, da gyambo a baya. Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna ɗaya cikin biyar ko fiye na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara. Waɗanda suka tashi ma, da yawa ba sa sake zuwa masallaci ko gidan suna da ƙafarsu, kuma wannan zaman gidan yana karya musu zuciya fiye da yadda 'ya'yansu suke zato.

To me ya rage wa iyali? A raka su, wannan shi ne na farko. Amma a zaɓi ɗan rakiya. Na yi jinyar wata Hajiya da aka haɗa ta da jikanta ya tsallakar da ita, yana riƙe da hannunta da hagu, damansa na kan waya. Ita ta dogara da shi, shi ya dogara da sa'a. Ɗan rakiya ya tsaya ta ɓangaren da motoci ke zuwa, ya ɗaga hannu, ya tabbatar direba ya gan su ya rage gudu, sannan ya yi tafiya da saurin tsohon, ba ya janye shi ba. Idan titin mai hannu biyu ne, a tsallaka rabi, a huta a tsakiya, a sake dubawa. Idan akwai masallaci a ɓangaren gida, a lallaɓa Baba ya riƙa sallolin duhu a nan. A sa masa fararen kaya da dare, a ba shi tocila, a liƙa wa sandarsa tef mai ƙyalli irin na bayan manyan motoci. A sauya silifas mai santsi da takalmi mai kama ƙafa, a ɗage babbar riga ko zani kada su harɗe. A kai su gwajin ido duk shekara. Aikin cire yanar ido gajere ne, kuma yana dawo da gani.

Ba zan ɗora komai a kan mai tafiya a ƙasa ba, domin ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, kuma direba mai amfani da waya ya ninka haɗarin yin karo kusan sau huɗu. Shi ya sa taron ministoci na Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. Bakin kasuwa, ƙofar asibiti, gaban masallacin Juma'a da makaranta, duk irin wuraren ne.

Gadar sama ta masu tafiya a ƙasa tana da amfani a manyan hanyoyi irin titin Zariya da titin Katsina, kuma matashi mai ƙafa lafiya ba shi da hujjar ƙin hawa. Amma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya matakala masu yawa haka ba, ƙarshenta ta ratsa ta ƙasa. Ita abin da take bukata shi ne tudun rage gudu kafin wurin tsallakawa, farin zane da ake sabuntawa, tsibiri a tsakiyar titi, da fitila mai ci da dare. A Singafo, tun 2009 tsoho kan taɓa katinsa a jikin fitilar ba da hannu a ƙara masa lokaci. Mu ko jami'in KAROTA ko na hukumar kiyaye haɗura guda ɗaya aka tsayar a irin waɗannan wurare lokacin magariba, zai rage mana aiki. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai suna da bakin da za su nemi wannan a hukumance. Haka 'yan kasuwar da suka baje kaya a kan wurin tafiyar ƙasa, su sani su ke tura tsofaffi cikin kwalta.

Idan kuma abin ya auku a gabanka, kada a ɗauki mutum a naɗe a cusa a adaidaita sahu, kai na lilo. Wuyan da ya tsage yana iya ƙarasa karyewa a hannun masu taimako. A tsare hanya, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a bar kai da wuya a miƙe, kada a ba shi ruwa, a kira 122 ko 112. Dattijon da ya tashi ya karkaɗe riga ya ce "ba komai, na yafe," a kai shi asibiti duk da haka, musamman idan kansa ya bugu ko yana shan maganin tsinka jini. Jini yana iya taruwa a cikin kai sannu a hankali, kwanaki ko makonni. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci, ruɗewa, ko raunin hannu da ƙafa bayan irin wannan bugun, a komo da shi nan take, kuma a gaya wa likita ranar da motar ta buge shi.